PIYENZA: GARIN CUKU BISA TUDU A ƘASAR ITALIYA

A tsakiyar ƙasar Italiya, cikin jahar da ake ce ma Toskana, akwai wani ƙaramin gari mai suna Piyenza. Bisa tudu yake zaune. Mutanensa, har da na ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa, wajen 2000 ne. Ƙauyuka da yawa na jahar Maraɗi sun fi shi jama'a. Amma kowace shekara baƙi suna tururuwa daga Amurka, da Jamus, da Japan, da sauran ƙasashe domin su gan shi. Suna biyan kuɗin jirgi da na masauki. Me suke zuwa kallo? Gine-ginen dutse, da gonakin alkama, da tumaki.

Daga Roma, babban birnin ƙasar, tafiyar wajen kilomita 190 ce, a yi arewa. Jirgin ƙasa ba ya shiga Piyenza. Baƙo yakan sauka a tashar Kiyusi, ya shiga motar haya, ta bi da shi ta garin Montepulcano. Daga nan saura kilomita 13 ko 14. Hanyar guduro ce mai kwana da yawa, tana hawa tana gangara. Idan mota ta iso, a bakin gari take tsayawa. Cikin tsohon gari da ƙafa ake yawo.

Garin ba ya gajiyar da mai tafiya. Babbar hanya guda ce ta ratsa shi daga wannan ƙofa zuwa waccan, kuma tsawonta bai kai rabin kilomita ba. An daɓe ta da dutse. Tun baƙo bai yi taki ashirin ba, wani wari zai tarbe shi daga kantuna. Warin cuku ne. Za a komo ga maganar cukun nan.

ƊAN ƘAUYEN DA YA ZAMA FAFAROMA

A da, sunan wurin Korsinyano, kuma ƙauyen talakawa ne. A nan aka haifi wani yaro a shekarar 1405, ana ce masa Eneya Silbiyo Pikolomini. Iyayensa ƴan asali ne daga birnin Siyena, amma dukiya ta ƙare musu, suka koma ƙauye. Yaron ya taimaki ubansa aikin gona kafin ya tafi Siyena karatu. Ya yi ilimi, ya zama marubuci, ya yi wa sarakuna aikin jakada. A shekarar 1458 aka zaɓe shi Fafaroma, wato shugaban Kiristoci ƴan Katolika na duniya. Ya ɗauki sunan Piyus na 2.

A farkon shekarar 1459 ya biyo ta ƙauyensu. Shi da kansa ya rubuta cewa ziyarar ba ta yi masa daɗi yadda ya zata ba. Abokan wasansa na ƙuruciya, waɗansu sun mutu, waɗanda suka rage kuma tsufa da ciwo sun lanƙwasa su. Sai ya ƙudura ya sake gina ƙauyen. Ya kira wani magini na birnin Firenze mai suna Bernardo Rosselino, ya ba shi aikin. Cikin shekara uku aka gama manyan gine-ginen. A 1462 aka canza wa ƙauyen suna, aka ce Piyenza, wato garin Piyus.

Maginin ya kashe kuɗi ninkin-ba-ninkin abin da ya faɗa tun farko. Mutane suka kai ƙararsa. Fafaroma ya zo, ya duba aikin, ya ga ya yi kyau. Ya nuna cewa da maginin ya faɗi gaskiyar kuɗin tun da fari, da ba a soma aikin ba. Ya yafe masa, har ya ƙara masa kyautar kuɗi da jar riga. Wannan labari dai kada ya kai kunnen masu ginin rijiya na kwangila.

Duk aikin yana kewaye da dandali guda. Ƙarami ne, bai kai filin kasuwar ƙauye ba, an shimfiɗe shi da jan tubali. Ta kudu akwai majami'a, wato ɗakin ibadarsu, mai farar fuska. Ta yamma akwai gidan Fafaroma, bene mai hawa uku. Ta gabas gidan babban limaminsu na gari. Ta arewa gidan hukumar gari mai hasumiyar agogo. A gefe guda kuma, kusa da bangon gidan Fafaroma, akwai rijiya. An yi mata baki da farin dutse, da ginshiƙi biyu. Baƙi suna jingina da ita a ɗauke su hoto. Da wuya wani ya tambayi abin da ya fi muhimmanci: garin da ke bisa tudu, ina yake samun ruwa? Maginin bai manta ba. Ya shirya yadda ruwan sama zai bi ta rufin gidan Fafaroma, a tara shi a ƙarƙashin ƙasa.

Domin a sami filin manyan gine-ginen, an sayi gidajen talakawa an rushe. Fafaroma ya sa an gina sababbin gidaje 12 a jere domin mutanen gari. Suna nan har yau a wani lungu kusa da ƙofar gabas. Baƙi kaɗan ne suke ratsewa su duba su, alhali sun cancanci a duba.

Majami'ar kuwa tana da ciwo tun ranar haihuwarta. An gina bayanta a bakin gangare, bisa ƙasar da ba ta tsaya wuri guda ba. Tun ana cikin gini bango ya soma tsagewa. Yau, idan baƙo ya shiga ya nufi ƙuryar ɗakin, zai ji daɓen yana gangara da shi. Zai ga tsaga a bango da a ƙasa. Shekara fiye da 500 ke nan ana tallabe ginin, ana yi masa gyara ta ƙarƙashi. Piyus na 2 da magininsa duka sun mutu a shekarar 1464, kuma daga nan aikin ya tsaya. Abin da ya sa garin bai ƙara girma ba ke nan. A 1996 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, kamar yadda ta sa tsohon garin Agadas a 2013.

ABIN DA AKE HANGE DAGA GANUWA

Bayan majami'a akwai wata siririyar hanya da ta bi ganuwar gari. A nan baƙi suke daɗewa. Garin yana bisa tudu mai tsawon mita 490 daga bakin teku, kuma dukan kwarin gulbin Orca yana shimfiɗe a ƙasa. Tuddai ne ƙanana masu sulɓi, kamar an kife ƙore da yawa a tsakar gida. Bisa kowane tudu gida guda na dutse. Hanyar gidan an jera mata wani itace dogo, siriri, mai duhun ganye, wanda suke ce ma cipiresso. Ba ya ba da inuwar kirki, ba a cin ɗiyansa, amma yana tare iska, yana nuna iyakar gona da hanyar gida. Can nesa ga dutsen Amiyata, mai tsawon mita 1738, wanda ƙanƙara take rufe kansa lokacin ɗari.

Launin kwarin yana bin aikin gona. Ruwansu ya fi sauka daga watan Oktoba zuwa bazararsu, lokacin sanyi. Don haka ana shibka alkama a Oktoba da Nuwamba. A Afrilu da Mayu ko'ina tsanwa shar. A Yuni alkama ta nuna, kwari ya yi ja-ja kamar zinariya, a yi girbi zuwa Yuli. Bayan nan tarakta ta shiga ta kife ƙasa, sai a ga manyan hoge masu launin toka. Baƙon da ya zo a watan Satumba zai ce ƙasar ba ta taɓa fid da ko tsinke ba.

A wannan lokacin ne ake ganin ainihin ƙasar. Laka ce. Tun zamanin da ba mutum, teku ya rufe wurin, ya janye ya bar yumɓu. Da ruwa ya sauka sai ta yi santsi, ta kama ƙafa. Da rani sai ta bushe, ta tsattsage. Inda ba ciyawa, ruwa yana cin ta, ya bar ƙoramu masu zurfi da fararen tuddai tsirara. Shekara 100 da suka wuce, yanki babba na kwarin haka yake. Matafiya na da sun rubuta shi a matsayin wurin tsiya da yunwa.

Wanda yake son ya ga yadda aka gyara ta, sai ya je La Foce, wata babbar gona a gabashin kwarin. A shekarar 1924 wani mai suna Antoniyo Origo da matarsa Iris suka saye ta. Ƙasar ta lalace, gidajen manoma sun rurrushe, ba hanya. Suka sa aka kwashe duwatsu, aka baje tuddan laka, aka haƙa magudanan ruwa, aka tare ƙoramu, aka dasa itatuwa bisa gangare. Suka shibka ciyawa mai gyara ƙasa, suna juya ta da alkama. Suka gina lakwal da ɗakin shan magani domin iyalan manoma. Gwamnatin lokacin ta taimaka da kuɗi. Sunan masu gonar ne ya shiga littafi, amma hannun da ya ɗauki dutsen na manoma ne.

Mutanen Adar ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. A shekarar 1984 ƙasar Italiya ce ta zuba kuɗi a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, cikin jahar Tawa, inda mata suka yi ta jidar dutse a ka ana tare ruwa. Ciwon ƙasar iri guda ne. Wani abin mamaki shi ne, ɗan abin da ya rage na fararen tuddan nan kusa da La Foce, yanzu hukuma ta keɓe shi, ta hana a taɓa. Abin da kakanni suka yi yaƙi da shi, jikoki suna kai baƙi kallo.

NOMA-MU-RABA

Gidajen nan da ke bisa tuddai, kowane yana da tarihin wahala. Ɗaruruwan shekaru manoman Toskana ba su mallaki gonar da suke nomawa ba. Mai ƙasa yana birni. Shi ke da gona da gida. Manomi ya kawo ƙarfinsa da na iyalinsa. Idan an yi girbi a raba biyu: alkama, da man zaitun, da inabi, da cuku, kome da kome. Mai ƙasa yana da wakili mai riƙe littafin lissafi. Manoma da yawa ba su iya karatu ba, sai abin da wakili ya rubuta. A ƙarshen shekara sau da yawa littafi yakan nuna manomi ne ake bi bashi. Idan mai ƙasa ya ga dama, ya kore shi da iyalinsa.

Gida guda yakan ɗauki mutum 10, 15, ko fiye, kaka da ɗiya da jikoki. Bisashe suna kwana a ɗakin ƙasa, mutane a sama, ɗumin shanu yana taimaka musu da ɗari. Da manyan fararen shanu suke huɗa, irin da ake ce ma Kiyanina, waɗanda suke cikin shanu mafi girma a duniya. Ba lantarki, ba famfo.

Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, masana'antu suka buɗe a birane. Samari suka ga albashin wata ya fi rabin girbin shekara. Ƴan mata suka ƙi auren gidan noma-mu-raba. A 1964 gwamnati ta yi doka, ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan, ta kuma ɗaga rabon manomi zuwa kashi 58 cikin 100. A 1982 wata doka ta buɗe hanyar mayar da sauran su zama haya. Amma kafin nan mutane sun riga sun tafi. A 1951 mutanen ƙasar Piyenza sun fi 4000. Yau rabin haka ne. Gidaje suka zama kango, rufi ya faɗa, ƙaya ta cinye tsakar gida.

BAƘIN MAKIYAYA

Waɗanda suka shiga kangon baƙi ne. Daga shekarun 1950 da 1960, makiyaya suka riƙa tasowa daga Sardiniya, wani babban tsibiri na Italiya a tsakiyar teku. A can ƙasar kiwo ta yi musu kaɗan, kuɗin hayarta ya yi yawa. Suka loda tumakinsu cikin jirgin ruwa, suka ƙetaro. Suka tarar da gona da arha, tun da kowa gudunta yake. Waɗansu suka yi haya, waɗansu suka ci bashi suka saya. Harshensu daban, al'adarsu daban, kuma da farko ƴan ƙasa ba su yarda da su ba. Sun zauna cikin gidajen da ba ruwa ba wuta, suna tatsa da hannu safe da maraice. Yanzu jikokinsu ƴan Toskana ne, kuma da yawa daga cikin garken kwarin da wuraren yin cuku nasu ne.

Tunkiyar da suka kawo fara ce, ba ta da girma, amma akwai nono. Da nononta ake yin cukun da ya tarbi baƙo a ƙofar gari. Suna ce masa pekorino, domin a harshensu pekora ita ce tunkiya. Bai yi kama da cukun Abalak ko na Tawa ba, wanda yake falle-falle, a shanya bisa tabarma. Nasu dunƙule ne mai kauri, kamar ƙaramin akushi. Wajen lita 5 zuwa 6 na nono ke ba da kilo guda. Ana ɗumama nonon, a sa masa abin daskarwa, a zuba cikin mazubi ruwan ya tsiyaye, a sa gishiri, a jera bisa katako cikin ɗaki mai sanyi. Na wata guda fari ne mai taushi. Na wata biyu ko uku ana shafa wa bayansa tumatir, ya yi ja. Akwai wanda ake shafa wa toka, akwai wanda ake rufewa da ganyen wani itace mai suna noce, ya yi watanni. Wanda ya daɗe ya fi ƙarfi, ya fi yaji a baki, ya fi tsada. Nonon da zai lalace cikin kwana guda, ga shi ya zama abin da ake ajiyewa shekara, a sayar lokacin da aka ga dama.

Mai saye dai ya buɗe ido. Ba dukan cukun da ke cikin kantunan Piyenza ne aka yi da nonon tumakin kwarin ba. Sunan garin yana sayar da kaya, don haka masu raɓa da shi sun yi yawa. Wanda ya fi wayo yakan fita gari ya saya a gidan makiyayi. Musulmi kuma ya yi tambaya kafin ya ci, domin kantunan nan suna sayar da naman alade da giya tare da cukun. Wanda ya fita gidan makiyayi ya yi hattara da karnuka. Manya ne, farare, suna kwana cikin garke. Kyarkeci ya komo yankin bayan ya yi shekaru ba a ganinsa, kuma yana yi wa makiyaya ɓarna.

A farkon watan Satumba ana bukin cuku a Piyenza. Ana kafa mazari na itace a tsakiyar dandali, a zana da'ira-da'ira kewaye da shi. Unguwanni 6 na garin suna fid da ƴan wasa. Mutum ya durƙusa daga nesa, ya mirgina dunƙulen cuku. Wanda cukunsa ya kewaya ya kwanta kusa da mazarin, shi ya ci. Wasan manoma ne na da, wanda suke yi a masussuka. Yanzu a gaban gidan Fafaroma ake yinsa.

RUWAN ZAFI DA WASAN ƘAUYE

A gindin kwarin, wajen kilomita 15 daga Piyenza, akwai ƙauyen Banyo Binyoni. A tsakiyarsa ba dandali, sai wani babban tafki da aka gine da dutse. Ruwan yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa da zafinsa, kusan awo 50, yana hayaƙi da sanyin safiya. An hana wanka a ciki yanzu. Baƙi suna zama a bakin magudana su tsoma ƙafa. Manomi zai fi son abin da ke ƙasan gangaren. A nan aka fafe dutse aka kafa injin niƙa guda 4 masu aiki da ƙarfin ruwa. Da rani gulbin Orca yakan janye, injinan niƙa na yankin su tsaya. Waɗannan kuwa ba sa tsayawa, tun da idon ruwan ba ya ƙafewa. Sun yi aiki har zuwa shekarun 1950.

Ƙauyen da ya fi cancanta a kwana cikinsa shi ne Montikiyello. Ana hango shi daga ganuwar Piyenza, bisa nasa tudun, da tsohuwar hasumiya. Mutanensa ƴan ɗaruruwa ne kawai. Lokacin da kowa yake tashi, waɗanda suka rage suka ga ƙauyen zai mutu. A shekarar 1967 suka soma wasan kwaikwayo a dandalinsu. Suna ce masa wasan talakawa. Ba ƴan wasan sana'a ba ne. Tun da ɗari suke taruwa da dare, su yi gardama a kan abin da ke damunsu, daga nan a fid da labarin shekara. Sun yi wasa a kan noma-mu-raba, da yaƙi, da tafiyar samari, da tsadar rayuwa, da baƙi masu sayen gidaje. Sun kafa ƙungiyar haɗin gwiwa wadda take riƙe da wasan da ɗakin cin abinci.

Maganar baƙin nan ba ƙarama ba ce. A 2004 UNESCO ta sa dukan kwarin Orca cikin wuraren tarihi na duniya. Masu silima sun ɗauki fim a gonakinsa. Tsofaffin gidajen manoma, an gyara da yawa sun zama masaukin baƙi, kuma kuɗin da ake samu ya taimaki iyalai su riƙe gonarsu. Amma gida ya yi tsada, har ɗan gari yana rasa inda zai zauna da amaryarsa. A babbar hanyar Piyenza kantunan baƙi sun fi na masu gari. Masu ɗaukar hoto suna kutsawa cikin alkama su tattake ta, har manoma suna kafa alluna da shinge.

A Montikiyello ana wasan ne daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta, bayan an gama girbin alkama. Kafin a soma, baƙi suna cin pici, wata taliya mai kauri da mata suke murzawa da tafin hannu, gari da ruwa kawai, cimakar gidan noma-mu-raba. A barbaɗa mata cuku. Idan duhu ya yi a kunna fitilu a dandali. Tsofaffi da jikokinsu su fito, su yi magana da harshen ƙauyensu. Baƙin da suka zo daga birni su sayi tikiti, su zauna bisa benci, su saurara.